Ga mai son zama malamin jami'a a kimiyyar taurari

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka kusa kammala digirin farko a fiziks, kana son fitowa waje ka yi digirin digirgir a kimiyyar taurari, daga nan ka samu kujera a jami'a kana bincike da koyarwa. Kana tambaya ko hanyar tana ɓullewa.

Tana ɓullewa, sai dai ƙuncinta yana gaba da inda kake tsoro. Karatun digirgir a fannin nan, kai ake biya. A Amurka shekara 5 zuwa 6 ne, a ɗauke maka kuɗin makaranta, a ba ka alawus, kai kuma ka riƙa taya koyarwa ko bincike. A nan Jamus, cibiyoyin Max Planck da ke Heidelberg da Garching suna ɗaukar ɗalibai daga ko'ina, shekara 3 zuwa 4, amma galibi sai mai digiri na biyu. Idan kana ganin shirinka da saura, cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a Trieste ta Italiya tana da difloma ta shekara ɗaya don ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Wanda ya ce ka ci bashi ka biya wa kanka, kada ka saurare shi.

Bayan digirin ne ake gane Barno gabas take. Abin da ke biyo baya shi ne fosdok, aikin bincike na wucin gadi, shekara 2 ko 3, ya ƙare ka sake nema, wataƙila a wata ƙasa dabam. Da yawa sai sun yi biyu ko uku kafin su ji ƙamshin aikin dindindin. Lissafin a fili yake: farfesa ɗaya zai yaye ɗalibai da dama kafin ya yi ritaya, kujerar da zai bari kuwa ɗaya ce tak. Shi ya sa haziƙai da yawa suke komawa kamfanoni aikin sarrafa bayanai, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba. In kana da niyyar aure nan kusa, ka faɗa wa yarinyar gaskiyar yawon nan tun yanzu.

Aikin kansa ma, ba kwana ake yi ana leƙen sama ba. Zama ne gaban kwamfuta, rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Python, duba sababbin maƙalu a arXiv, shafin intanet da masu bincike ke saka ayyukansu, kowace safiya, da rubuta takardun neman lokaci a na'urar hangen nesa irin James Webb, inda masu nema suka ninka abin da ake da shi nesa ba kusa ba. Ga koyar da 'yan shekarar farko da makin jarrabawa.

Da ni ne kai, ɓangaren nazarin taurari ta igiyoyin rediyo zan karkata. Na'urar hangen nesa ta rediyo MeerKAT mai faranti 64 tana aiki a Afirka ta Kudu tun 2018, ana kuma gina wata irinta da ta fi ta girma, SKA, can da Ostareliya; bayanan da za su fito sai an samu hannaye. Ka ƙarfafa lissafi da Python, ka yi ɗan aikin bincike da wani malaminka domin ya san abin da zai rubuta a kanka. Jami'o'in Amurka yawanci wasiƙun shaida uku suke nema, kuma da yawansu a Disamba suke rufe karɓar takardu.