Sauron da aka sauya wa halitta: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, na ji a rediyo wai ana kiwon sauro a ɗakin gwaji, a sake shi cikin gari. In ya ciji yarona ba zai gurɓata masa jini ba? (Uwar yara uku, Gusau)

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne ana yi, a Afirka ma Burkina Faso da Jibuti sun saki irinsa. Amma maza ake saki, namijin sauro kuwa ba ya cizo, ruwan furanni yake sha. Macen ce mai neman jini saboda ƙwan da za ta zuba. Ko da mace ta kuɓuce ta yi cizo, yawunta ne kawai ke shiga fata, ƙwayoyin halittarta ba sa haɗuwa da na ɗan Adam.

Na Jibuti, wanda kamfanin Oxitec ya saki a watan Mayun 2024, aikinsa shi ne ya barbari macen daji, sai 'ya'ya matan su mutu tun suna tsutsa. Sauron da suke yaƙa, Anopheles stephensi mai yaɗa maleriya, ɗan birni ne mai hayayyafa a tanki da durom, kuma an gano shi a jihar Gombe a 2020. Saboda haka ki riƙa rufe mazubin ruwanki.

Tambaya: Malaminmu ya ce akwai dabarar da za ta ƙarar da sauro gaba ɗaya. Me ake jira? (Ɗalibar koyon aikin jinya, Maraɗi)

'Yata, dabarar da yake nufi ita ce tilasta gado. A al'ada, rabin 'ya'ya ne ke gadon wata ƙwayar halitta daga uba. Masana suna amfani da almakashin halitta mai suna CRISPR su sa kusan duk 'ya'yan su gaje ta, jikoki ma haka. A 2018 masu bincike a Imperial College da ke Landan sun gwada a keji: matan suka daina cizo da yin ƙwai, cikin zuriya 7 zuwa 11 sauron kejin ya ƙare ƙaƙaf. Kuma ba duk sauro ake nufi ba. Akwai iri fiye da 3,500, 'yan ƙalilan ne ke ɗauke da yawancin maleriyar Afirka.

To amma keji daban, daji daban. Har yau ba a saki mai tilasta gado a fili ba. Wanda shirin Target Malaria ya saki a ƙauyen Bana kusa da birnin Bobo-Dioulasso na Burkina Faso a 2019, maza ne 6,400 marasa haihuwa. A watan Agustan 2025 kuma gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da shirin baki ɗaya.

Ni dai ina goyon bayan binciken nan da zuciya ɗaya. Duk damina sai na karɓi yaro da tsakar dare yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat, uwarsa na tsaye takalmi ɗaya a ƙafa, muna neman jinin da za a ƙara masa. Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya. Sai dai sauro ba ya neman izinin tsallaka iyaka, abin da aka saki a wata ƙasa zai iya isa maƙwabta, kuma ba a kiransa ya dawo. Dole a zauna da mutanen gari a yi musu bayani da harshensu, su amince, tun kafin a buɗe keji.

Tambaya: Waken Samaru da ba ya jin tsutsa, akwai illa in an ci? (Manomi, Bichi)

Malam, shi ma an sauya masa halitta ne. Wannan shi ne SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, wanda aka amince da shi a 2019. Sinadarin da ke cikinsa hanjin tsutsar da ke huda kwanso yake kamawa, cikin mutum kuwa narkar da shi yake yi kamar sauran abinci. Ka ci abinka. Abin da ya fi damuna shi ne maganin ƙwarin da ake barbaɗa wa wake a buhu.

Tambaya: Kenan mun kusa hutawa da gidan sauro? (Magidanci, Yola)

A'a ɗan'uwa, da sauran tafiya. Ka ɗaura shi yau da daddare, ka cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ka ɗinke inda ya yage. In zazzaɓi ya kama yaro, a kai shi gwajin jini kafin ya kwana.