Filin Tambaya da Amsa: Me ke ɓata ran mutum in an tambaye shi kan addininsa?

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan fitowa, duk a kan matsala guda. Mun rage musu tsawo, ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jami'a nan Yamai, asalina Tawa. Da na je gida hutu, muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar da kawuna da abokansa, sai na tambaye shi dalilin da ya sa yake sakin hannuwa a salla, alhali a masallacin unguwarmu ta Yamai kusan kowa a ƙirji yake ɗorawa. Wallahi sani kawai nake so. Sai ya hau ni da faɗa, ya ce an juya mini kai, wai na zo koya masa sallar da yake yi tun kafin a aurar da uwata. Har na dawo bai sake sakar mini fuska ba. Ina laifina? Daga wani ɗalibi, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗanmu. Bari mu fara ba ka abin da ka je nema, don gajere ne. Sakin hannu, wato sadlu, shi ne ya shahara a mazhabar Malikiyya wadda mafi yawan mutanen ƙasar nan suka tashi a kanta, kuma ya zo ne ta ruwayar Ibnul Ƙasim daga Imamu Malik a cikin Mudawwana. Ɗora dama a kan hagu, wato ƙablu, shi ma Imamu Malik ya kawo hadisinsa a Muwaɗɗa, kuma a kansa sauran mazhabobi uku suke. Babu ɗaya cikin huɗun da ta sa shi a farillan salla. Da wanda ya saki da wanda ya kama, sallarsu ta yi.

To me ya kawo faɗa a kan abin da ba ya ɓata salla? Tambayar da ka yi ta girme ka, kuma kawunka ya sha jin ta a bakin waɗanda ba sani suke nema ba. Tun shekarun 1950 da 1960 aka yi ta tayar da jijiyar wuya a ƙasar Hausa tsakanin almajiran Shehu Ibrahim Inyas, masu ƙablu, da masu sadlu. Sannan aka kafa Izala a Jos a 1978, wa'azinta ya shigo Nijar a shekarun 1980 ta hannun ƴan kasuwa da masu zuwa karatu Najeriya, Maraɗi a kan gaba. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyin addini suka yawaita, muhawara ta fito fili a masallatai da kaset da gidajen rediyo. Tsarar kawunka sun ga yadda unguwa guda ta rabu masallaci biyu, sun ga ɗa ya ƙi bin ubansa salla. A wancan zamani "mene ne dalilinka?" ita ce mabuɗin rigima: a fara da hannu, a wuce Maulidi da wazifa da addu'a bayan salla, a ƙare da "bidi'a" ko ma "shirka". Da ka buɗe baki, sauran zancen da ya saba biyo baya ne ya faɗo masa a rai, shi ya mayar wa martani tun kafin ka kai can.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Dubi yadda dattawanmu suka koyi salla: a gaban malami, da ido da kunne, sannan Ahalari, Ishmawi, Iziyya, wanda ya yi nisa ya kai Risala. Waɗannan littattafai hukunci suke ba almajiri, su ce wannan farilla ne, wannan sunna, wannan mustahabbi, ba kasafai suke jero masa hadisai da masu ruwaya ba. Saboda haka mutum yana iya ƙwarewa a salla, ya san ƙabli da ba'adi sarai, amma in ka ce ya kawo dalilin sadlu ya rasa ta cewa. Kai kuma a gaban abokansa ka tambaye shi. Hanya biyu ta rage masa: ya ce wa ɗan ƙanwarsa "ban sani ba" tsaransa suna ji, ko ya yi fushi. Mutane da yawa fushin ya fi musu sauƙi.

Kada kuma ka manta da abin da ke bayan hannun nan da aka saki. In sadlu kuskure ne, yaya sallarsa ta shekara arba'in ko hamsin? Yaya ta malaminsa, da ta mahaifinsa da ke kwance a kabari? Kai mas'ala ɗaya ka ɗauko daga littafi, shi kuwa mutanensa ya ji an taɓa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1957 wani masani ɗan Amurka, Leon Festinger, ya bayyana cewa idan sabon bayani ya ci karo da abin da mutum ya gina rayuwarsa a kai, yakan ji ƙunci, kuma hanyar da ta fi kusa ta kawar da ƙuncin ita ce ya ƙi bayanin ko ya zargi wanda ya kawo shi. Gwargwadon abin da ya kashe a kan aƙidar, na shekaru da dukiya da zumunci, gwargwadon ƙarfin ƙin. A 2016 kuma wasu masu bincike a wata jami'a ta Kalifoniya suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 40 suna karanta hujjojin da suka saɓa wa ra'ayinsu na siyasa. Waɗanda suka fi kafewa, an ga sassan ƙwaƙwalwar da ke kula da tsoro da jin barazana sun fi motsi a wurinsu. Lura, siyasa aka gwada a nan, don kada wani ya ɗauka masu addini ne kaɗai ke da wannan hali. Jiki ma yana shiga ciki: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, murya ta hau. In an kai nan, hujja ba ta shiga, kuma jiki yakan ɗauki minti 20 ko fiye kafin ya lafa. Duk ayar da ka ja a cikin wannan lokaci, ƙara wa wuta itace kake yi.

Ba muna wanke kawunka ba ne. Fushi ba ya zama hujja, kuma an ruwaito cewa Imamu Malik kansa an yi masa tambayoyi 48 ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki. Sai dai shi ɗin ne kuma ya sa aka fitar da mutumin da ya tambaye shi yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi, don ya ga alamar neman fitina a tare da shi. Malamai tun can sun raba tambayar neman sani da tambayar ƙure. Matsalar ita ce lafazinsu ɗaya ne. Wuri da lokaci da murya da wanda ke zaune a gefe su ne ke nuna wa mai amsa wacce aka kawo masa.

Ga yadda za ka gyara. Ka fara ta wajen mahaifiyarka, tunda ɗan'uwanta ne, ta shaida masa cewa abin ya dame ka. In ka koma Tawa, ka je gaishe shi da ɗan goro ko sukari da shayi, ka durƙusa ka ce, "Kawu, na yi kuskure da na yi maka magana a gaban mutane, ka yafe mini." A kan wurin za ka nemi gafara, kuma kada ka ɗora "amma" a bayanta, don "amma" tana rushe duk abin da ya gabace ta. Ranar nan kada ka sake tada zancen salla. Bayan kwana biyu ko uku, in kun keɓe ku biyu, bayan isha'i misali, ka tambaye shi abin da ya fi kowa sani: a wajen wane malami ya yi Ishmawi, yaya malamin yake tsayuwa, yaya yake koya musu. "Yaya aka koya muku?" tana sa dattijo ya ba da labari. "Don me kuke yi?" tana sa shi kare kansa. Tambaya ɗaya ta isa a zama ɗaya. Wayarka ta zauna a aljihu: da ka ciro ta don nuna masa bidiyon wani malami, ka shigo da baƙo ya yi masa gyara a gidansa, an koma gidan jiya. In ya ce bai san dalili ba, ka ce, "To Kawu, wane malami kake ganin in je wurinsa?" Ka ga ya fita da girmansa, kai kuma ka sami hanyar amsa. In ka ji muryarsa ta fara hawa, ka yi godiya ka sauya zance.

TAMBAYA: Ina aiki a biro ɗaya da wata Kirista, shekararmu uku tare, har abinci muke ci a kwano ɗaya. Wata rana ana hira na ce mata, "Wai don Allah me ya sa kuke cewa Allah yana da ɗa?" Sai ta ce ita ba ta zancen addini a wurin aiki, ta tashi. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. In ta yarda da addininta, me take tsoro? Daga wata ma'aikaciya, Yamai.

AMSA: Malama, ki auna matsayinta da naki. A ƙidayar 2012 Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar. Ke in kin yi kuskuren magana a kan addini a biro, za a yi miki gyara a wuce. Ita in ta amsa miki da gaskiyar abin da ta yi imani da shi, tana tsoron wani a gefe ya ɗauka ta yi saɓo, maganar ta fita waje ta sauya kama. Kuma tsoron yana da tushe: a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, an ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu. Kiristocin garin nan ba su manta ba. Shirun da kika gani na kiyaye kai ne, bai nuna rauni a imaninta ba.

Sannan tambayar da kika zaɓa ita ce ainihin wurin da addinan biyu suka rabu, kuma "me ya sa kuke cewa" ta riga ta ɗauko hukunci a cikinta. Ta sha jin ta tun tana lakkal, galibi da dariya a bayanta.

Ki same ta ita kaɗai, a hanyar tashi daga aiki ko ki kai mata ziyara gida. Ki ce, "Ƴar'uwa, ranar nan na sa ki a tsaka mai wuya a gaban mutane, ki yi haƙuri." Ki tsaya nan. In zumunci ya dawo kuma har yanzu kina son sani, ki nemi izini tukuna: "In ba damuwa, ina so wata rana ki bayyana mini yadda kuke fahimtar abu kaza, ji kawai zan yi." In ta yarda, ki cika alkawari, ki saurara har ƙarshe ba tare da kin shirya raddi ba. Saurare ba ya rage miki komai a aƙidarki. Suratul Ankabut aya ta 46 ta hana jayayya da ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, su ma a wasiƙar Bitrus ta fari, 3:15, an umurce su da su amsa wa mai tambaya cikin tawali'u da ladabi. In kuma ta ce a bar zancen, ki bar shi, haƙƙinta ne.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 13 ya tambaye ni, "Baba, in Allah ne ya halicci komai, wa ya halicci Allah?" Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Daga baya abin ya tsaya mini a rai. Yaya ya kamata in yi? Daga wani mahaifi, Tawa.

AMSA: Alhaji, tsoro ne ya fito da siffar tsawa: tsoron kada yaron ya ɓace, da tsoron rashin amsa a gaban ɗanka. Ka kwantar da hankalinka, tambayar tsohuwa ce. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya faɗi wannan tambayar da kansa a matsayin abin da Shaiɗan ke jefawa a zuciya, ya ce wanda ya kai nan ya nemi tsarin Allah ya tsaya. A Muslim kuma, da sahabbai suka kawo kukan cewa suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, bai kore su ba, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim (AS) ma ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, yana nan a Baƙara aya ta 260.

Ka kira yaron yau, kada ka bari a kwana biyu. Ka ce masa tambayarsa ba zunubi ba ce, kuma ka ji daɗi da kai ya kawo wa. Ka tambaye shi inda ya ji ta, a lakkal ne, a fada, ko a waya, ba da sigar bincike ba. Sannan ka ba shi amsa daidai shekarunsa: abin da yake da farko shi ke buƙatar wanda ya fara shi, Allah kuwa ba shi da farko, shi ne Na Farko, kuma Ƙulhuwallahu da ya haddace tun yana ƙarami tana faɗin haka. In ya ƙaro wadda ta fi ƙarfinka, ka ce, "Ban sani ba, mu je wurin malam tare ranar Alhamis," kuma ku je ɗin. Ka zaɓi malamin da ka san yana da haƙuri da yara, ka kuma sanar da shi tambayar tun kafin ku iso, don kada yaron ya sha tsawa ta biyu a can. Illar tsawa ita ce yaro ba ya daina tunanin, kawo maka ne yake dainawa, sai ya kai tambayar TikTok ko wurin tsaransa, inda ba ka san wanda zai amsa masa ba.