Kunne Ya Girmi Kaka: Amsoshi Kan Tarihi, Labari da Gado

Wani ɗalibi ya rubuto yana cewa: "Malam, Allah ya ƙara basira. Mene ne bambancin tarihi da labari? A ganina duk faɗin abin da ya wuce ne."

Ɗana, kalmomin biyu duk daga Larabci muka aro su, amma aikinsu daban. Labari daga "al-khabar" yake, wato abin da aka ji aka faɗa, ko ya tabbata ko bai tabbata ba. Tarihi kuwa daga "ta'rikh" yake, kuma asalin ma'anarsa sanya wa abu kwanan wata. An ruwaito cewa an kawo wa Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi wata takarda da aka rubuta mata watan Sha'aban kawai, sai ya tambaya ko wane Sha'aban ake nufi, na bana, na bara, ko na baɗi? Daga irin wannan ruɗani aka yi shawara, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, aka tsayar da ƙirgen shekaru daga Hijirar da ta auku a 622 Miladiyya. Ka ga tun daga tushenta kalmar tana tambayar "yaushe?" Wanda kuwa ya tambayi yaushe, dole ya tambayi wa ya faɗa, kuma ina shaida.

Hausawa suna da karin magana biyu da suka raba wannan aiki a tsakaninsu. "Kunne ya girmi kaka" yana nufin ta hanyar ji mutum kan san abin da ya faru tun kafin a haifi kakansa. "Gani ya kori ji" kuma yana cewa kada ka tsaya a kan abin da kunne ya kwaso in akwai halin dubawa. Masanin tarihi da duka biyun yake aiki. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, a ciki ya ƙi yarda da adadin mayaƙa 600,000 da Mas'udi da wasu marubuta suka ce Bani Isra'ila sun tara a zamanin Annabi Musa. Ya auna adadin da girman ƙasashen Masar da Sham, ya kwatanta shi da rundunar Farisa wadda daularta ta fi girma nesa ba kusa ba, ya ce lissafin bai hau ba.

Kada ka ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. A kudancin Afirka akwai kufan wani birni na duwatsu da aka jera ba tare da kwaɓi ba, wasu ganuwoyinsa sun kai mita 11. Turawan da suka gan shi a ƙarshen ƙarni na 19 suka baza labarin cewa baƙi ne daga waje suka gina shi, har da masu jingina shi ga Sarauniya Bilƙisu, don ba su yarda baƙar fata zai iya wannan aiki ba. Labarin ya yi wa masu ƙwace ƙasar daɗi. Da aka haƙa aka duba, David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tabbatar ginin 'yan ƙasa ne. Kakannin ƙabilar Shona ne suka gina shi tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kuma an tono tangaran na Sin da na Farisa a wurin, shaidar cewa cinikinsu ya kai gaɓar teku har ya ƙetare. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1980, sunan wannan kufai ta ɗauka: Zimbabwe.

Wata baiwar Allah ta kawo tambayar da ta fi kama ni. Ta ce: "Malam, an ce waiwaye adon tafiya, an kuma ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. To mu tono abin da ya wuce ne, ko mu bar shi?"

Malama, kowane karin magana da muhallinsa. Na kaza ana yi wa mai bin diddigin abin da ba ruwansa ne, mai neman aibin wani ko tayar da tsohuwar gaba, har abin ya juyo kansa. Gargaɗi ne na gaskiya, domin an sha ɗaukar tarihi a mai da shi makamin raba jama'a. Amma ki lura da kalmar "waiwaye". Mai tafiya ne yake waiwaye, ƙafarsa tana gaba, wuyansa kawai ya juya ya ga inda ya baro da abin da ke biye da shi. Wanda ya fasa tafiyar ya juya gaba ɗaya, komawa ya yi, wannan kuwa ba a kira shi ado ba.

Ga abin da waiwaye yake nuna wa mutum. Duk mai sauraron labaran duniya ya san ana yawan ambaton Haiti da talauci da rikici, har wani ya ɗauka haka Allah ya yi mutanenta. Bayi ne suka yi tawaye suka kori Faransa, suka kafa ƙasarsu a 1804. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ce sai an biya ta diyyar faran (kuɗin Faransa) miliyan 150 kafin ta amince da 'yancin, diyyar da ta haɗa da asarar bayin da iyayen gijinsu suka yi. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, amma da rance daga bankunan Faransar aka fara biya, kuma har aka shiga ƙarni na 20 ƙasar tana fama da basussukan da suka biyo baya. Ba wannan kaɗai ya jawo halin da take ciki ba, sai dai duk hukuncin da aka yanke wa Haiti ba tare da sanin 1825 ba, zalunci ne. Ni a wurina babban amfanin tarihi ke nan: yana hana mu ɗora wa halittar mutane laifin abin da aka aikata musu.

Tambaya ta uku: "Me ake nufi da kayan gado in ana maganar al'umma, alhali gado dukiyar mamaci ce?"

Da farko a gyara furuci. Gadon kwanciya gajeren "ga" gare shi, gadon da ake ci kuwa ana jan "ga" ɗin, daga aikatau "gada", inda muka sami magaji da magajiya. Hausa ba ta taɓa taƙaita shi ga dukiya ba, shi ya sa ake cewa wane ya gaji sana'a, ko ya gaji hali. Harshen ma gado ne, kuma cike yake da sawun wasu al'ummomi. Alƙalami daga Larabci "al-ƙalam" yake, Larabawa kuma daga Girkanci "kalamos", wato kara. Takarda ta iso mu ta bakin Buzaye, "ta" ɗin farkonta alamar tamata ce a harsunansu, gindinta kuwa "charta" na Latin. Yaron da ya ɗauki alƙalami ya ɗora a takarda yana riƙe da shaidar cewa Sahara hanya ce da aka daɗe ana ratsawa.

Bambancin wannan gado da na dukiya shi ne ba a raba shi, kuma in ya salwanta ba a mayar da shi. A 2012 masu ɗauke da makamai sun rushe hubbarorin waliyyai a Tumbuktu ta ƙasar Mali, a watan Janairun 2013 kuma aka ƙone dubban rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Ahmad Baba. Mafi yawan littattafan garin sun tsira ne saboda iyalai da ma'aikata sun fitar da su a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. A 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 kan rushe hubbarorin, ta ɗauki abin a matsayin laifin yaƙi.

Wanda ya tambayi asalin "al'ada" kuma, daga Larabci "al-ada" take, tushenta na nufin komowa, wato abin da ake yi ana sake yi har ya zauna. Tushensu ɗaya da "Idi", ranar da ke dawowa kowace shekara.