Zan iya canza difirans na baya kaɗai a tsohuwar Land Cruiser?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Land Cruiser FJ40 ƙirar 1978 da na gada wajen mahaifina a nan Makka. In na hau titin Jidda na kai gudun kilomita 100 a awa, sai inji ya riƙa kuka kamar zai fashe. Wani ɗan tashlih, wato mai sayar da kayan tsofaffin motoci, ya ce in sa difirans (giyar da ke raba juyi ga tayoyi) na baya mai 3.70 maimakon nawa mai 4.11, wai na gaba ba sai an taɓa shi ba. Raina bai kwanta ba, motar Baba ce.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Gara da ka tambaya, ɗan'uwa.

Kukan zai ragu kam, don lambar nan ita ce yawan juyin da farfela (sandar da ke kai juyi ga difirans) ke yi kafin taya ta juya sau ɗaya. Injin da ke juyi 3,000 a minti zai sauko wajen 2,700, kuma injinka 2F na da ƙarfin jan hakan, sai dai za ka ji ta ɗan yi nauyi a hawan dutsen Hada na hanyar Ɗa'ifa.

Amma wannan magana ta "bar na gaba" ta ishe ni. Kusan kullum sai an jawo mini mota gareji saboda ita. Motarka ba ta da difirans na tsakiya. Da ka sa dabal, wato ja da tayoyi huɗu, farfelar gaba da ta baya sun zama abu guda, juyinsu ɗaya. To duk mita 100 da tayoyin gaba suka ci, na baya 111 suke nema. Baya na turi, gaba na turjewa. Wa zai ɗauki bambancin? A cikin rairayi taya na sulɓewa, shi ya sa ɗan tashlih zai kai ka sahara ya zaga da kai sau biyu, ya ce ka gani, lafiya lau. Ranar da ka hau dutse ko kwalta da dabal a ciki, sitiyari zai sandare, sandar dabal ta ƙi fita, sannan ka ji ƙas! Na sha kwance akwatin dabal in tarar da haƙora a kwance cikin mai kamar tsakuwa. Shi kuwa mai sayarwa ya riga ya ci kuɗinsa, wai "ai ba ka cika sa dabal ba". Mai irin wannan mota ake gaya wa haka?

In za ka canza, canza duka biyun. Ba ma sai ka cire aksul ɗungurungum ba, kan difirans ɗin kwancewa yake. Kada ka yarda da rubutun alli a jikinsa, ƙirga haƙora da hannunka: 37 da 9 shi ne 4.11, 37 da 10 shi ne 3.70. Ka kuma gwada farfelarka a bakinsa kafin ka biya.

Sai maleji. Bayan canjin, in ya nuna 100 kana kan 111 ne, kyamarar Sahir mai kama masu gudu kuwa ba ruwanta da malejinka. A canza ƙaramin giyar da ke juya wayarsa.