Kamfas Mai Santsi Ba Ya Raba Kusurwa

Wata uwa daga Tudun Wada ta rubuto hankali a tashe: "Ɗiyata za ta zana WAEC. In ta raba gefuna ukun alwatika, layukan ba sa haɗuwa a wuri ɗaya. Na saya mata sabon littafi ne?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, kan yarinyar lafiya lau. Kafin ki sayi littafi, duba kamfas ɗinta, wato abin da take zana da'ira da shi. Layin da ya raba gefe biyu daidai a tsaye ana samo shi ne ta buɗe kamfas ya wuce rabin gefen, a dasa allurar a wannan ƙarshe a zana baka sama da ƙasa, a koma ɗaya ƙarshen da buɗin nan dai, ba ƙari ba ragi, sannan a ja layi ta wurare biyun da bakan suka haɗu. Wuyan kamfas na yin santsi ko da milimita ɗaya, aikin ya ɓaci, kuma layuka ukun za su bar ɗan ƙaramin alwatika a tsakiya maimakon ɗigo.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Iyaye su shiga kasuwar Sabon Gari, su ga gwangwanin kayan lissafi mai sheƙi, su taya, su biya ba tare da sun buɗe ba. Rubutun jikin gwangwani kowa na iya bugawa. Buɗe shi a gaban mai shago. Zana da'ira, ki zagaya sau biyu: in layin bai faɗa kan sawunsa ba, mayar masa. Wuyan ya kasance mai noti da ake ɗaurewa, allurar ba ta girgiɗi, maƙalin fensir ya riƙe gam. Fensir 2H, gajere, fiƙaƙƙe. Araha ba ta ado, balle a ɗakin jarrabawa.

A gida ta gwada da alwatika mai gefe santimita 6, 8 da 10. Layukan da suka raba gefe su haɗu a tsakiyar gefen 10. Masu raba kusurwa kuwa su haɗu a ciki, santimita 2 daga kowane gefe. Kuma ta ɓoye kilina, kada ta goge bakan da ta zana, domin a kansu ake ba da maki.

Wani ɗalibi daga Samaru yana tambaya ko ya sayi ma'aunin kusurwa kaɗai, tunda raba digiri 60 ai 30 ne. Ɗana, tambayar cewa take yi rula da kamfas kawai. Ka karanta ta.

Wani malami a Kofar Doka zai haƙa rijiya da nisanta daga gidaje uku zai zama ɗaya. Malam, mahaɗar layukan gefe kake nema, ba ta kusurwa ba, igiya da turaku sun isa. Sai dai in kusurwa ɗaya ta haura digiri 90, mahaɗar za ta faɗa wajen alwatikan, wataƙila a filin maƙwabci. Auna tukuna kafin ka ba masu haƙa kafin alƙalami.