Tambayi Gwaggo: An kawo ni Amurka ina shekara 6, har yau ba ni da takarda

Gwaggo, barka da aiki. Mahaifiyata ta taho da ni daga Kumasi a 2008 da bizar ziyara, ina shekara 6. Biza ta ƙare, muka yi zamanmu. A Bronx, cikin birnin New York, na yi firamare da sakandare, yanzu shekarata 23, ina aiki a shagon kitso. Ƙanena a nan aka haife shi a 2010. Ƙawayena 'yan Meziko suna da DACA, shirin da ke ba waɗanda aka kawo suna yara izinin aiki, ni an ce ban cancanta ba. Wani a unguwarmu ya ce akwai "dokar shekara goma", in na kawo dala 4,000 zai fito min da takarda. Ga kakata kwance a Kumasi tana kiran sunana. Kuma akwai mai nemana da aure. Ina zan dosa? — 'Yarki daga Bronx

'Yata, kafin komai, je ki ce wa Mama ta buɗe akwati ta nemo tsohon fasfon da kika shigo da shi. Ko ya ƙare, ko ya yage, ko hoton cikinsa na yarinya ce mai giɓi. Ki duba tambarin da jami'in filin jirgi ya buga, da wani farin kati mai suna I-94 da ake maƙalawa a fasfo kafin 2013. Ki ɗauki hotonsu, ki adana. Ni tafinta ce ba lauya ba, aikina in zauna tsakanin lauya da mutanenmu, kuma abin da na ji lauyoyi suna fara tambaya ke nan kullum: ta ina kika shigo? Yawan shekarun da kika yi a ƙasar bai dame su kamar wannan ba.

Gaskiya aka faɗa miki kan DACA. Shugaba Obama ya sanar da shirin ranar 15 ga Yuni, 2012, domin waɗanda aka shigo da su ba su kai shekara 16 ba, amma da sharaɗin mutum yana zaune a ƙasar tun 15 ga Yuni, 2007. Kin makara da shekara guda. Ko da kin cika sharaɗin ma, tun Yulin 2021 alƙali Andrew Hanen na Texas ya hana amincewa da sababbin masu nema, sai sabuntawa kawai. Kada ki yi wa ƙawayenki kallon sun tsallake. DACA rumfa ce, ba ɗaki ba: izinin aiki na shekara 2 da alkawarin ba za a tasa ƙeyarka ba tukuna. Ba ta kai mutum ga girin kad, wato katin zama na dindindin. Dokar da za ta yi hakan, DREAM Act, sanatoci Dick Durbin da Orrin Hatch suka fara gabatar da ita a 2001. A Disamban 2010 ta samu ƙuri'a 55 a majalisar dattawa alhali 60 ake buƙata, har yau kuma ba ta zama doka ba.

Mai dala 4,000 kuwa, ki gaishe shi a hanya ki wuce. Babu wani fom da ake cikewa don an yi shekara goma a ba da takarda. Abin da ke akwai shi ne roƙon da mutum ke yi a gaban alƙalin shige da fice bayan an riga an buɗe masa shari'ar kora. Sai ya nuna shekara 10 yana ƙasar, halinsa mai kyau ne, kuma korarsa za ta jefa mijinsa ko matarsa, ko iyayensa, ko ɗansa, muddin ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, cikin wahalar da ta wuce misali. Ƙane ba ya cikin lissafi, kuma mutum 4,000 kacal ake ba a shekara a duk Amurka. Dabarar irin waɗannan mutane ita ce su cike miki fom ɗin neman mafaka da labarin ƙarya. Bayan 'yan watanni katin aiki ya zo, ki yi ta sa musu albarka, sai takardar kiran kotu ta biyo baya. Na sha fassara wa mata wannan bayani suna kuka, suna cewa ba su ma san me aka rubuta da sunansu ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganar kakarki ce ta fi yi min nauyi. Allah ya ba ta lafiya. Dokar 1996 ta ce wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara 3. In zaman ya kai shekara guda, sai bayan shekara 10. Ba a lissafa kwanakin ƙuruciya, agogon ya fara bugawa ne ranar da kika cika 18. Kin riga kin wuce shekara. Hukuncin ba ya hawa kanki sai ranar da kika taka jirgi, kuma da fitarki amfanin tambarin nan na 2008 ya tafi. Ba zan ce miki kaka ba ta kai a yi mata wannan sadaukarwa ba, ke kika san abin da ke tsakaninku. Amma ki yanke shawara kina sane cewa tafiyar mako biyu za ta iya zama ta shekara goma, a garin da kika bari kina shekara 6.

Yanzu ga inda tambarin ke aiki. Wanda jami'i ya duba ya bar shi ya shigo, in ya auri ɗan ƙasa, yana iya neman girin kad yana cikin Amurka, da fom I-130 da I-485. Doka ta yafe masa wuce wa'adin biza, ta yafe masa aikin da ya yi ba izini. Wanda ya tsallako iyaka ta jeji ba shi da wannan sauƙi. Saboda haka ki tambayi manemin naki, ba kunya: ɗan ƙasa ne ko mai girin kad? In girin kad ne kawai, wannan yafiyar ba ta shafe ki ba sai ya zama ɗan ƙasa. Bayan an ɗaura aure a masallaci an shafa fatiha, ku tabbatar kun karɓi takardar aure ta gwamnati, don ita hukumar shige da fice ta USCIS ke fara nema. Zai kuma sa hannu a fom I-864 cewa samunsa ya isa ya riƙe ki. In auren bai kai shekara 2 ba lokacin da aka amince, katin shekara 2 mai sharaɗi za a ba ki, daga baya ku koma tare a cire sharaɗin.

Sai dai ki aure shi don kina sonsa kuma iyaye sun yarda da halinsa. Auren takarda hukuncinsa ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma wanda aka kama ba za a sake amincewa da wani ya nema masa takarda ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Akwai kuma abin da aure ba ya wankewa: ki taɓa cewa ke 'yar ƙasa ce a fom ɗin neman aiki, ko ki yi rajistar zaɓe. In hakan ya taɓa faruwa, ki faɗa wa lauya tun zaman farko.

Ƙanenki, in ya cika 21 a 2031, zai iya nema wa Mama, kuma tunda ita ma da biza ta shigo, hanyarta a buɗe take. Ke layin 'yan'uwa zai saka ki, wanda jiransa ya haura shekara 15, kuma babu yafiyar zaman da kika yi. Kada ki jingina da shi. Kafin nan, jihar New York tun 2019 ta ba marasa takarda damar neman tallafin karatun jami'a da lasin tuƙi. Ki riƙa biyan haraji da ITIN, lambar haraji da marasa takarda ma ke iya samu, ki tara takardun makaranta da na asibiti. Mai ba ki shawara ya zama lauya mai lasisi ko wakilin ƙungiyar da ma'aikatar shari'a ta amince da shi.

Gwaggo, ɗan ƙanwata ya iso wurina daga Damagaram ta iyakar Meziko a 2023. Shekararsa 17. Ubansa ya watsar da su tun yana goye. Akwai abin yi? — Kawun yaro, Greensboro, jihar North Carolina

Malam, akwai, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1990 doka ta tanadi wani matsayi, SIJS, ga yaron da uba ko uwa suka yasar, ko suka wulaƙanta, ko suka ci zalinsa. Ko ɗaya daga cikin iyayen ne ya isa. Ana farawa daga kotun iyali ta jiha: alƙali ya danƙa maka riƙon yaron, ya rubuta cewa komawa wurin uban ba zai yiwu ba, kuma mayar da shi Nijar ba alheri ba ne gare shi. Da wannan hukunci ake shigar da fom I-360, yaron yana ƙasa da 21 kuma bai yi aure ba. Shigowa ta jeji ba ta hana shi.

Inda ake faɗuwa shi ne shekaru. A New York kotu na iya naɗa mariƙi har yaro ya kai 21, amma a jihohi da yawa da ya cika 18 kotun ta rasa hurumi. Ka ɗauka ranar haihuwarsa mai zuwa ita ce iyakarka, ka nemi lauya cikin makon nan. Bayan an amince akwai layin shekaru kafin girin kad ya fito. Ka kuma sanar da ƙanwarka tun yanzu: yaron da ya samu takarda ta wannan hanya ba zai taɓa iya nema wa iyayensa ba, har ita da ba ta yi masa laifin komai ba. In an ba shi ranar zuwa kotun shige da fice a bakin iyaka, kada ya kuskura ya ƙi zuwa, don alƙali na yanke hukuncin kora ko yaro ba ya nan. In kun sauya gida, ku sanar da kotun sabon adireshi cikin kwana 5.