Shin Duka Na Sa Ɗan Ta'adda Ya Faɗi Gaskiya?

Tambaya: Malam, tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, 2022 nake wannan tunani. In an kama wanda ake zargi, me zai hana a ba shi kashi har ya tona inda sauran suke? Daga mai karatu a Rigasa.

Amsa: Ɗan'uwa, duka na sa mutum ya yi magana, ba musu. Matsalar ita ce me zai faɗa. Wanda aka rataye ko aka hana barci ba abin da yake so illa a ƙyale shi, don haka sai ya karanci abin da mai tambaya ke son ji, ya ba shi. Ya kama sunan maƙwabcinsa, ya kwatanta dajin da bai taɓa takawa ba. Jami'ai su ƙona mai suna bin sawun ƙarya, masu laifin kuwa su sauya maɓoya.

Amurka ta gwada. A 2003 hukumar leƙen asirinta ta CIA ta yi wa Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba, 2001, azabar kwarara ruwa a fuska sau 183, amma rahoton kwamitin majalisar dattawan ƙasar na Disamba 2014 ya ce hanyar ba ta yi tasiri wajen samo bayanan sirri ba.

A nan gida kuma, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata, kuma ba ta karɓi uzurin yaƙi ko umarnin na gaba ba. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka tatsa da ƙarfi. Lauya na cewa an daki wanda yake karewa, sai alƙali ya buɗe ƙaramar shari'a kan yadda aka samo bayanin. In ba bidiyo, ba lauyan da ya halarta, ga kuma tabon ankwa a wuyan hannu, mai gabatar da ƙara ya shiga uku. Nan ne wasu shari'o'in ke rushewa.

Ƙwararren mai bincike yakan raba waɗanda aka kama tun a mota, ya tattara bayanan kiran wayarsu da na asusun banki kafin ya zauna da su. Ya bar mutum ya zuba labarinsa ba katsewa, sannan ya fito da hujja ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rantse yana unguwar Kawo a Kaduna ranar harin, alhali layinsa ya nuna Rijana, kusa da inda aka tare jirgin, shi zai nemi bakin bayani.